Hadari a Hanyar Buji

A Limawa, cikin garin Dutse, idan damina ta kankama, akwai matan da ba sa fitar da shanya sai sun aika an tambayo Malam Bubayero. Masu buga bulo ma haka, da wanda zai kafa rumfar ɗaurin aure a ƙofar gida. Shi kuwa ba ya amsawa da sauri. Sai ya tura hularsa baya, ya kalli gabas, ya shaƙi iska kamar mai sansana miya, sannan ya ce, “Shanya abinki,” ko kuma, “Bari sai gobe.” Ba ya taɓa mantawa da “in Allah Ya so” a ƙarshe, amma wallahi yadda yake faɗarta kai ka san mutumin ya yarda da idonsa.

Ba a makaranta ya koyo ba. A wata ruga kusa da Buji aka haife shi, kuma tun bai fi tsawon sandar kiwo ba yake bin shanun mahaifinsa. Wanda ruwa ya sha dukansa a fili, babu bishiya babu bukka, dole ya koyi karatun sama. Ya san zafin da ke kiran ruwa da zafin da ba shi da komai a bayansa. Ya san in tururuwa ta fara kwashe ƙwanta zuwa tudu, ko tsattsewa ta sauko tana shawagi ƙasa-ƙasa, to a tattara. Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, shanu sun ragu, sai ya shigo gari ya sami aikin masinja a wani ofis. Shekara talatin yana kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan, alhali shi karatun boko bai wuce ya gane sunansa ba. Yanzu ya yi ritaya, yana da tumaki biyar a bayan gida da matarsa ɗaya, Zulaihatu, kuma kullum bayan sallar asuba sai ya hau dutsen da ke bayan unguwa ya duba gabas. In ka tambaye shi zai ce maka babu abin da ya rage masa a duniya sai godiya.

To, ƙarya yake, akwai abu ɗaya. Yana da ɗan fari, Haisam, malamin firamare a Buji, wanda duk mai son ƙwallo a yankin ya san shi da tsaron raga. Shekara goma sha uku yana tsaron ragar ƙungiyar garin, amma Malam Bubayero bai taɓa ganinsa a fili ba ko sau ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. A gidan da ya tashi, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya tsayawa yana kallonsa kamar wanda bai taɓa haihuwa ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan Haisam sunansa “yaron nan” a bakin ubansa, a bakin uwarsa kuma “wancan”. In aka zo aka ce, “Malam, jiya ɗanka ya tare ƙwallon da ba ta taruwa,” sai ya kau da kai ya ce, “To, ai aikin da ya zaɓa ke nan.” Amma da mai maganar ya tafi, sai ka ga ya shiga wajen tumaki yana ta murmushi shi kaɗai.

Mutum ɗaya ne ya san da wannan murmushi, wato Malam Arzika, tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan. Abokai ne na shekara ashirin da wani abu, kuma ban da tsokana ba su da wata sana'a. Arzika ɗan manoma ne, yana kiransa “Bafulatanin da shanu suka sallama”. Shi kuma yana ce masa “Kaɗo mai tsoron yayyafi”. Arzika ne ke karanta masa duk saƙon da ya shigo 'yar ƙaramar wayarsa, don haka babu asirin gidan da bai sani ba.

Ta bakin Arzikan nan saƙo ya zo ranar wata Talata, tunda ɗan ma ya gaji kunyar, ba ya iya tarar uban da irin wannan magana.

“Yaronka ya kira ni,” in ji Arzika, yana cizon zare. “Ranar Asabar za su buga wasan ƙarshe na cin kofi da 'yan Ringim, nan Dutse, bayan la'asar. Ya ce daga shi ya bar ƙwallo, gwiwa ta ƙi. Ya ce in roƙe ka ka zo.”

Malam Bubayero ya ja carbinsa. “In je in yi me cikin yara?”

“Ka je ka ga abin da ka haifa mana! Haba, Malam. In ka bari Asabar ta wuce, shi ke nan fa, har abada sai dai a ba ka labari.”

Maganar nan ta shige shi. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, amma da ya shiga gida sai ya ce wa Zulaihatu a wanke masa farar rigarsa ta Juma'a, a sa bula. Ita kuwa ba ta tambayi dalili ba, don tun safe Arzika ya riga ya tsegunta mata ta bakin matarsa. Ta yi dariyarta a ciki ta ɗauko sabulu.

Daga ranar Malam Bubayero ya shiga shiri kamar mai tafiya aikin hajji. Ya kai takalminsa aka ɗinke. Ya sayo dabino, ya wanke gorar ruwa, ya naɗe dadduma ya jingine a bayan ƙofa tun ana saura kwana uku. Dutsen da yake hawa sau ɗaya ya koma hawansa sau uku a yini. Abin da ke damunsa guda ne, kuma bai ɓoye wa kansa ba: filin in ya sha ruwa sosai taɓo yake zama, a ɗage wasa, in kuwa aka ɗage babu wanda ya san ko gwiwar yaron za ta kai wata Asabar ɗin. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana murna da ruwan sama, ga shi yana idar da salla yana roƙon Allah Ya riƙe shi na yini ɗaya tak, sannan ya ji nauyin manoma ya ƙara da cewa a sako shi ranar Lahadi ninki biyu.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Ya sauko daga dutse da fara'a, ya tarar da Arzika a bakin shago yana shafa babbar wayarsa.

“Bafulatani, wayata ta ce akwai ruwa da yamma. Kashi saba'in cikin ɗari.”

“Saba'in ɗin me? Ruwa ne ko awon hatsi? Ko dai a yi ko kar a yi.”

“Ni dai haka ta rubuta, har da hoton gajimare.”

“Wayarka ta taɓa kiwo?” in ji Malam Bubayero. “Iskar nan daga yamma take, raɓa ta sauka da yawa, tururuwa tana harkarta. Babu ruwa yau, in Allah Ya so.”

Kuma da ƙarfi ya faɗa, a gaban mai shayi da masu jiran shayi, har mai bulo ya tafi ya tara ma'aikatansa. Gaskiyar magana, akwai wani ɗan nauyi a iskar da hancinsa ya ji tun a kan dutse. Ya ji shi sarai, ya ƙi saurara, saboda ba ya so ya zama gaskiya.

Bayan azahar ya yi wanka ya sa farar riga. Zulaihatu ta miƙo masa lema, ya dube ta kamar ta miƙo masa abin kunya.

“In riƙe lema a ranar da na ce wa unguwa babu ruwa? So kike Arzika ya samu abin faɗa har Sallah?”

“To, Malam, ko malafar ka ɗauka, ka ce ta rana ce.”

Wannan ya yarda. Ya rataya tsohuwar malafarsa ta kiwo a wuya. Ita kuma ta faki idonsa ta cusa wata babbar leda a cikin naɗin daddumar. Da zai fita ta tsaya a bakin zaure tana gyara mayafi, ta ce ƙasa-ƙasa, “In ka ga wancan, ka duba min ko ya rame.”

Ƙarfe uku da rabi suna filin, shi da Arzika, a kan wani benci ta gefen yamma. 'Yan Ringim sun iso tuni, suna ta tsalle-tsalle cikin jajayen riguna. Mai gyaran fili yana bin layi da farar ƙasa, masu rake da gyaɗa suna zagayawa. Malam Bubayero ya zauna a miƙe, hannu bisa gwiwa, yana kallon raga ɗaya sannan ya kalli ɗayar, bai san wacce ce ta ɗansa ba kuma ba zai tambaya ba. Aka kira la'asar, suka yi a gefen fili, suka dawo. Ƙarfe huɗu ta wuce, motar Buji shiru.

Sai 'yar wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya miƙa wa Arzika kamar kullum.

“Daga yaronka ne,” in ji Arzika. Ya nisanta wayar da idonsa ya fara karantawa. “Baffa, mun haɗu da haɗari a hanya bayan mun baro Buji. A yi mana addu'a.” Ya sauke wayar. “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Malam Bubayero ya damƙi hannun Arzika. Hayaniyar filin ta yi nisa. “Sake karantawa,” ya ce.

Arzika ya sake dubawa, ya goge gilashin wayar da bakin rigarsa, sai ya ɗaga hannu. “Tsaya, tsaya, Malam. Ni na ce haɗari. Abin da ke rubuce a nan, d ɗin ba ta da ƙugiya. Yana iya zama hadari, na ruwa.”

“To wanne ne?”

“Ai matsalar ke nan. Yaran nan ba sa sa ƙugiya a waya. Ga ‘haɗu’ ɗin ma bai sa mata ba. Hadari da haɗari duk rubutu ɗaya suke yi musu.”

“Malamin makaranta guda?”

“Ko shugaban makaranta ne, haka suke yi.”

Suka kira lambar, aka ce a kashe take. Suka sake, haka. Arzika ya ruga wajen masu shirya wasa, su ma sun kira mai horar da 'yan Buji ba ta shiga. Kafin ya dawo maganar ta riga ta zaga benci uku, wani har yana cewa ya ji an ce motar ta kife, alhali daga bakin Arzika ya ji rabin zancen.

Malam Bubayero bai tsaya sauraron kowa ba. Daga inda suke ba a ganin gabas sosai, duwatsu da dogayen dabino sun tare. Ya tattare farar rigarsa, ya nufi wani tudun dutse a bayan filin, ya kama hawa. Mutum mai shekara sittin da bakwai, da takalmin da aka ɗinke shekaranjiya, yana hawa yana haki, Arzika na binsa a baya yana, “Malam, a hankali!” Lissafin a fili yake a ransa. Buji tana gabas. In hadari ne ya tare su, zai gan shi daga can sama, kuma nan zai taho, ya ƙaryata shi a gaban duk Limawa. In kuwa ya hau ya tarar da sama fes kamar yadda ya faɗa da safe, to ɗaya kalmar ce.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Abin da ya fi ci masa rai a kan dutsen nan shi ne, idan an ɗauke yaron yau, zai tafi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Mutumin da ya yi kwana huɗu yana roƙon a riƙe ruwa sai ga shi yana hawa yana cewa, “Ya Allah, hadari. Ya Allah, Ka sa ni na yi kuskure.”

Ya kai sama ya dafa gwiwa, ya ɗaga kai. Can ƙasan gabas, ta wajen Buji, sama ta yi baƙi ƙirin tun daga wannan gefe har wancan, walƙiya tana tsaga ta a tsakiya. Wata iska mai sanyi ta taso ta bugi fuskarsa, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

“Hadari ne!” ya ce. “Arzika, hadari ne! Dubi abinka, kashi ɗari cikin ɗari!”

Arzika ya iso yana numfashi sama-sama. Ya ga abokinsa yana dariya, hawaye na bin gemunsa, sai ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Duk da haka zuciya ba ta kwanta gaba ɗaya ba, don hadari ba ya hana haɗari. Suna saukowa ruwan ya iso. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske mai tafe da iska, masu rake suka kwashi farantansu, 'yan kallo suka dare zuwa ƙarƙashin rumfa. Malam Bubayero ya kifa malafa a ka ya tsaya a bakin ƙofar filin yana kallon titi. Arzika ya warware dadduma don su rufa, leda ta faɗo.

“Allah Ya yi wa matarka albarka,” in ji shi. “Ita kaɗai ce mai hankali a gidanku.”

Mai bulo, wanda shi ma ya zo kallo, ya wuce a guje yana ihu, “Malam, ka ce babu ruwa! Bulona!”

“Na faɗa, kuma na yi kuskure,” in ji Malam Bubayero da fara'a. “Gobe zan zo in taya ka bugawa.”

Wajen minti ashirin aka yi ana tsugawa, sannan hadarin ya ja jikinsa ya yi yamma, kamar yadda ya saba. Ruwan bai gama ɗaukewa ba wata farar bas ta shigo da fitilu a kunne, taɓo har gilashi. Ashe iskar ce ta tilasta musu fakewa a gefen hanya, direba ba ya ganin gabansa. 'Yan wasa suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai dogo ne, da ɗaurin bandeji a gwiwar hagu. Malam Bubayero ya dube shi tun daga kai har ƙafa, ya ga komai yana wurinsa. Haisam ya hango malafar, ya rusuna daga nesa. Uban ya ɗaga hannu kaɗan, ya juya ya ce wa Arzika, “Mu je mu zauna, kar a cinye mana wuri.”

Alƙalin wasa ya zaga filin yana taka ƙasa da dunduniya, ya jefa ƙwallo ya ga ta yi tsalle, ya ce za a buga. Aka sake zuba farar ƙasa a layi. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, duwatsun Dutse suka yi ta sheƙi, iska ta yi daɗi. Malam Bubayero ya shimfiɗa leda a kan jiƙaƙƙen benci, ya buɗe dabino, rigarsa ta Juma'a ta manne masa a baya, bai ko kula ba.

Bai san dokar wasan ba, kuma bai nemi sani ba. Duk inda ƙwallo ta tafi, shi idonsa yana kan raga ɗaya. Ya ga yadda yaron ke tsayawa da ƙafafu a buɗe, yana daka wa na gabansa tsawa, yana nuna musu inda za su tare, sai ya tuna kakan yaron a bakin mashaya yana tsara shanu. Ya ga yana ɗingishi kaɗan idan ya ɗauka babu mai kallo. Buji ta ci ɗaya kafin hutu, aka dawo 'yan Ringim suka taso kamar za su cinye filin.

Saura kaɗan a tashi, alƙali ya busa usur ya nuna wani farin ɗigo a gaban ragar Haisam. Kowa ya miƙe.

“Me ya faru?” in ji Malam Bubayero.

“Fenariti. Daga mai bugu sai ɗanka, babu mai taimakonsa.”

Filin ya yi tsit. Ɗan Ringim ya ja da baya, ya taho a guje, ya narka. Haisam ya yi tsalle ta hagu, ta kan gwiwar nan mai ciwo, ya faɗa cikin taɓo da ƙwallon a ƙirjinsa. Kafin sauran jama'a su buɗe baki, wata murya ta riga su, muryar da aka horar da kiran shanu daga hayin rafi.

“Haisam! Haisamu!”

Sannan filin ya ɗauka. Malam Bubayero ya tsinci kansa a tsaye a kan benci, malafa a hannu, dabino ya watse a ƙasa. Ya sauko a hankali ya zauna, ya gyara hula.

“Me na ji yanzu?” in ji Arzika.

“Hayaniya ka ji.”

“Wallahi har a Ringim an ji hayaniyar nan.”

Da aka tashi, yara suka ɗauki kofi suna zagaye da shi. Haisam ya bar su ya taho yana jan ƙafa, taɓo tun daga gashi har safa. Ya durƙusa a gaban benci ya gaishe da Arzika, sannan ya gaishe da ubansa, idonsa a ƙasa.

“Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane rubutu,” in ji Malam Bubayero, “ƙugiya ɗaya ta gagare ka? Ka kusa kashe ni a kan dutse.”

Arzika ya bayyana masa abin da ya faru. Haisam ya riƙe baki. “Wayyo, Baffa, ku yafe ni. Sauri nake, caji zai ƙare.” Ya murza safar hannunsa, sannan ya ce, “Baffa, na ji ku ɗazu. Ashe kun san sunan.”

Malam Bubayero ya kalli gabas, inda sama ta riga ta washe.

“Ni na zaɓa maka shi,” ya ce. “Tun kana ciki.”

Ya miƙa hannu ya kama na ɗansa ya tashe shi, taɓon ya shafi farar rigar. Ya ce masa ya je ya sallami abokansa ya zo su tafi gida tare, uwarsa tana son ta ga ko ya rame.